Banɗakin da Ba Ya Shan Ruwa

Wa ya aiko ku? A'a, tambaya nake, wa ya aiko ku ku yi mini wannan tambaya? Yara ba ku da aiki sai tonon abin da manya suka binne. Kai mijin banza, da ko sabulu ba ka taɓa saya mini ba, kai ka fara, na ga bakinka. Wai me ya sa kawunku in ya hango shuɗin duro yake sauya hanya. To ku matso. Ke, sauke ƙafarki daga kan tabarmata. Sau ɗaya zan faɗa, wanda kuma ya kai masa labari, ni da shi ne.

Kawunku ni na haife shi, ba zan ɗora wa kowa ba. Tun yana rarrafe, in ka ce masa wuta ce, sai ya ce ya sani, sannan ya sa hannu. Da haka sunan da ubansa ya raɗa masa ya ɓace, unguwa ta koma kiransa Na-Sani. Sana'arsa gyaran fanka. In ka kai masa mai juyawa a hankali, zai dawo maka da ita ta huta gaba ɗaya.

Wata rana ya je gyara wurin Mai Lambu, wani dattijo mai noman ganye a bayan gari. Ya dawo ko sallamar kirki bai yi ba, ya tsaya a kaina ina tsintar wake.

"Inna, daga yau mun daina zubar da arziki a gidan nan."

Na ce, "Wane arzikin? Ka samu ne ka ɓoye mini?"

"Wanda muke kora da ruwa kullum safe."

Na ajiye faranti na dube shi da kyau, ko rana ce ta taɓa shi. Ya ce wai a lambun ya ga banɗakin da ba ya shan ruwa. Mutum ya gama uzurinsa, ya yayyafa garin katako, shi ke nan. Abin ya taru a duro, ya bushe, bayan lokaci ya zama taki baƙi wuluk, ba wari. Ba ɓarnar ruwa, ba gurɓata rijiya, ga ganye ya yi kore. Wai muhalli ma zai gode mana.

Na ce, "Shi muhallin ɗan wane gida ne? Ya zo ya gode mini da bakinsa. Ka tambayi mutumin yadda ake yi?"

"Ya fara bayani, na ce ya huta. Kallo ɗaya ya ishe ni."

Kada ku fita ku ce na ce abin ƙarya ne. Daga baya na je da ƙafata na ga na Mai Lambu, na sa hanci, ƙanshin ƙasar da aka yi wa yayyafi kawai na ji. Abin yana yi. Hannun da ya faɗa ne matsalar.

Abin da kawunku yake hari kuwa ba muhalli ba ne, banɗakina ne. Wancan na bakin ƙofa, wanda marigayi kakanku ya gina. Daidai da ƙasa yake, ba hawa ba sauka, ga famfo, ga ƙarfen da ya kafa mini a bango saboda gwiwoyina. In babu ƙarfen nan, in na durƙusa sai an kira mutum biyu. Amma bayansa yana kallon titi, kawunku kuma ya daɗe yana mafarkin shago.

Ya ce, "In nawa ya fara aiki, wannan tsohon ba shi da amfani. A rushe, a fitar da ƙofa ta titi, a rubuta sunana a sama."

Na ce, "Ni kuma in riƙa zuwa ina?"

"Na zamani, Inna. Za ki ji kamar a jirgin sama."

Na san in na ce a'a, zai cika mini kunne har in mutu. Sai na ce, "Na yarda. Ranar da ka tara mutane, ka buɗe duronka a gabansu, suka shaƙa ba wanda ya toshe hanci, ka ɗauki guduma ka rushe da hannunka. Kafin nan kuwa, ni kaɗai zan shiga nawa."

Ya yi tsalle. Ya ce dama haka yake so, kowa ya shiga nasa duro ya cika da wuri. Na sa kwaɗo a ƙofata, na ɗaure makullin a haɓar zanina.

Aka fara gini. Tunda shuɗin duron da ya samo a ƙasa zai zauna, dole mazaunin ya hau sama. Ya kafa katako, ya yi matakala, ya yi ta hawa har kwanon rufin da yake kewaye wurin da shi ya ƙare masa a daidai kafaɗa. Ya ce ba komai, iska ma za ta fi shiga. Shi ya fara hawa don ya buɗe da albarka. Yana zama, kansa ya bayyana a saman katanga, da hularsa da komai. Mai Shayi na tsallaken titi ya ɗaga kai daga tukunyarsa.

"Ranka ya daɗe! An hau mulki ke nan? A kawo shayin can sama ko za ka sauko?"

Duk 'yan teburin suka miƙe suna gaisuwa. Wani har da cire hula. Kawunku ya ɗaga musu hannu, don ba abin da zai iya yi da ya wuce haka. Da ya sauko ya ce shi ya shirya hakan, talla ce. Amma kafin la'asar ya kewaye wurin da buhunan siminti.

Sannan ya tara mutanen gida ya kafa doka: ba a hawa da buta. Ruwa shi ne abokin gabar taki.

Matarsa, baiwar Allah mai haƙuri, ta ce, "To Malam, da me za mu yi tsarki?"

"Wannan ƙaramar magana ce."

"A wurina ita ce babbar."

"Ina nazari a kai."

Yana nazari, mutane suna da uzuri. Matarsa ta riƙa hawa da buta a ƙarƙashin mayafi. Yara suka riƙa binne tasu a cikin bokitin garin katako. Baƙo in ya zo, ba ya ma tambaya, ɗauka yake ya hau. Wata safiya ina zaune a ƙofar ɗakina, sai ga mai dokar da kansa yana sanɗa, ya dafe ciki da hannu biyu, wani abu ya turo rigarsa ta gaba.

Na ce, "Na-Sani, cikinka ya fitar da hanci ne?"

"Ciwon ciki ne, Inna."

"Me ke ɗiga a ƙafarka?"

"Zufa ce."

"Sannu. Zufar ma da murfinta, ina jin yana ƙara."

Bai juyo ba, ya haye.

Ba a daɗe ba duro ya fara magana. Wari tun yana tsayawa a gindin matakala, har ya koyi shiga ɗakuna. Kaji suka ƙaura bayan gida. Na ce masa, "Abinka yana ɗoyi." Ya ce ya sani, alamar aiki ce, wai wasu ƙananan halittu ne a ciki suke cin abinci. Na ce, "To ka ce musu su riƙa rufe baki."

Sai ya kafa dogon bututu don warin ya tashi sama. Ya tashi kuwa, ya tsaya daidai tagar Tela, maƙwabcinmu, wanda yake ɗinki a ɗakin sama. Ba a jima ba sai ga Tela a tsakar gida, da tef a wuya, da riga a hannu.

"Na-Sani, shaƙi wannan."

"Sabon yadi ne, haka suke."

"Mai ita ya dawo da ita. Ya ce in faɗa masa tsakani da Allah a ina na kwanar da ita. Ni da nake fesa wa kaya turare!"

"Maƙwabci, haƙuri za ka yi, ci gaba ne ya zo unguwa."

"Ci gaban ya rasa ta inda zai shigo sai ta tagata?"

"Iska ce ba ta da tarbiyya. Zan gyara mata zama, ai fannina ne."

Fanninsa ne kuwa. Ya ɗauko wata fanka da mai ita ya gaji da zuwa karɓa, ya cusa a bakin bututun, wai ta zuƙe warin ta harba shi can sama inda ba kowa. Ya haɗa waya, ya kunna, ya tsaya yana jiran yabo. Matarsa ce ta fara hawa. Sai muka ji salati. Ta sauko tana tari, tun daga gira har gashin ido garin katako ne.

"Malam, banɗakinka yana hura ni!"

"Kamar yaya?"

"Daga ƙasa! Na zuba garin, ya dawo mini a fuska!"

A juye ya ɗaura ta. Maimakon ta fitar, tura iska take cikin duro, ta fito ta mazauni, ta rarraba wa gida kowa da rabonsa. Ranar Tela ya buɗe tagarsa ya leƙo, ya ce, "Madalla, maƙwabci. Wannan gyaran ya yi, kada ka taɓa."

Ana haka garin katako ya ƙare. Kawunku ya ce toka ma tana yi, ya san wannan tun tuni. Ya kwashe ta murhu ana sauke tukunya, bai tsaya ta huce ba, ya haye da ita. Garwashi ya faɗa kan buhu, fanka ta yi masa fifita. Kafin ka ce me, benen banɗakin nasa ya kama da wuta. Mai Shayi ya kwarma ihu, unguwa ta shigo da bokitai. Kawunku yana saman matakala ya buɗe hannuwa yana ihu, "Kada ku zuba ruwa! Ba ya shan ruwa!" Bokitin farko a ƙirjinsa ya sauka. Sauran duk suka bi ta ramin suka tarar da 'yan'uwansu a duro. Banɗakin da ba ya shan ruwa, ranar ya sha na unguwa guda.

Mai hankali da ya tsaya nan. Amma ya riga ya cika baki a teburin shayi, ya sa rana, ya gayyaci mai unguwa. Ga Tela ya rantse in warin ya ƙara kwana zai kai ƙara. Sai kawunku ya jawo duron waje, ya sa wani a madadinsa. Ya je wurin Mai Lambu ya samo buhun taki na gaske, ya juye a saman abin da ke ciki, wai in an buɗe shi za a fara gani. A gabana ya yi, yana cewa ado ne kawai. Ya danna murfi, ya ɗaure da zoben ƙarfe, ya naɗe da robar taya, ya mirgina shi tsakiyar rana, wai zafi ya sa ya nuna da wuri.

Wari ya ɗauke ɗif. Ya riƙa yawo a tsakar gida yana buɗe hanci. "Inna, kin ji wani abu?"

Ban ji ba. Ba zan ɓoye muku ba, na shiga banɗakina na riƙe ƙarfen nan, na dubi matakalar can, na ce yau in yaron nan ya ci, da wace gwiwa zan hau? Amma da na fito na bi ta kusa da duron, sai na ga ya yi ciki. Gefensa ya kumbura kamar akuyar da ta kusa haihuwa, yana wani gurnani ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Na-Sani, duronka yana kumbura."

"Na sani. Albarka ce take taruwa."

Na yi nawa, na faɗa.

Ranar taro aka kafa rumfa a tsakar gida, aka jera kujerun roba, aka aro lasifika. Kawunku ya sha farar babbar riga. Tela ne ya ɗinka, ya kuma zo da kansa, ya ce ba zai bari a ba shi labari ba. Duro yana tsakiya an yafa masa ƙyalle. A kan tebur, gaban mai unguwa, ga guduma an ɗaura mata jan zare, tana jiran banɗakina. Ni kuwa na ja kujerata na zauna a ƙofarsa, na jingina da kwaɗon.

Kawunku ya karɓi lasifika. "Jama'a, yau ranar tarihi ce. Yau za mu buɗe arziki," ya nuna duro, "mu binne jahilci." Ya nuna inda nake zaune.

Na ce, "Ni ko ginin?"

"Ginin, Inna."

"To ka riƙa daidaita yatsanka."

Ana cikin haka Mai Lambu ya iso, shi ma an gayyace shi ya ga yadda ɗalibi ya wuce malami. Ya ɗaga ƙyallen, ya dubi duron, ya kara kunne.

"Ɗana, rufe shi ka yi ruf?"

"Ko iska ba ta shiga."

"A rana?"

"Tun safe har yamma."

"Akwai ruwa a ciki?"

"Ko ɗigo."

"To wurin tsarkin fa? Wannan ɗan dakalin da ke gefe a nawa, mai bututu zuwa gindin ayaba, ka yi irinsa?"

Kawunku ya yi dariya a lasifika. "Wurin ajiye takalmi? Baba, ai mu a ƙasa muke cire namu."

Mai Lambu ya saki ƙyallen. Ya juya ga jama'a ya ce kowa ya ja baya, kada a taɓa murfin nan. Kawunku ya ce, "Kun ji ko? Hassada ta fara." Aka yi dariya. Dattijo ya ɗauki kujerarsa ya zo ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Inna, nan iska take fitowa ko nan take zuwa?" Na ce, "Nan take fitowa, na duba tun da safe." Mai Shayi da ya ga haka, shi ma ya tuna ya bar wuta a kunne, ya koma bakin ƙofa ya tsaya.

Aka gayyaci mai unguwa ya matso ya zama na farkon shaƙa. Kawunku ya yanke robar, ya kama zoben ƙarfe. Zobe ya ƙi. Ya ja, ya murɗa, ya sa ƙafa. Ya ƙi. Ya waiga, idonsa ya faɗa kan gudumar.

Mai Lambu ya miƙe. "Ɗana, kada ka..."

"Na sani!"

Ya buga.

Ni dai na ga murfi ya tashi ya wuce katanga, ya sauka a kan rufin Tela. Abin da ya biyo bayansa ba zan siffanta muku ba, kun ci abinci. Ya taɓa rumfa, rumfa ta dawo da shi, kowa ya samu. Mai unguwa da ya sunkuyo da hanci, shi aka fara sallama. Lasifika kuma a kunne take, har bakin kasuwa an ji ƙarar, an ji salatin da ya biyo baya. Mutane suka yi ƙofa gaba ɗaya, ƙofa kuma ta mutum ɗaya ce. Kujeru suka kakkarye, takalma suka rasa masu su. Tela yana gudu yana waiwayen rigar da ya ɗinka, yana cewa, "Kada ka ce wa kowa ni na yi ta!" Mai Shayi daga titi ya ɗaga murya, "Ranka ya daɗe, taki ya nuna! A kawo buhu ko a tankar ruwa za a raba?"

Kawunku yana tsaye a inda yake, guduma a hannu ɗaya, lasifika a ɗayan. Farar riga ta zama tarihi, kamar yadda ya yi alkawari. Ido a rufe, baki a rufe, don in ya buɗe ya san abin da zai shiga. Tun da na haife shi ban taɓa ganin ya yi shiru mai tsawon haka ba.

A gidan nan kuwa wuri ɗaya ne mai famfo da ƙofa da magudana. Ya lallaɓo yana ɗiga, mutane sun yi cincirindo a kan katanga. Ya tsaya nesa kaɗan.

"Inna, makulli."

"Wane makulli?"

"Na banɗaki."

"Wanne? Na jahilcin?"

"Inna, don Allah."

"Ai kai ba ka shan ruwa. Tsaya nan a yayyafa maka garin katako, mu jira ka zama taki."

Katanga ta kwashe da dariya. Na miƙa hannu na ce, "Gudumar." Ya ajiye a gabana, na taka ta da ƙafa.

Na ce, "Saura tambaya ɗaya. Ka san yadda ake yin banɗakin taki?"

Ya buɗe ido ɗaya ya dubi kwaɗon, ya dubi haɓar zanina. Ya manta lasifika tana hannunsa.

"Ban sani ba, Inna."

Har bakin kasuwa aka ji. Mai Shayi ya ce a maimaita, wai bai taɓa jin wannan waƙar ba. Na kwance makulli na buɗe masa. Yana shiga santsi ya kwashe shi, ba abin da ya tare shi sai ƙarfen kakanku. Na ce, "Riƙe da kyau, na jahilai ne, ba ya karyewa." Mai unguwa ya bi layi a bayansa, shi ma sai da ya ce don Allah.

Gudumar tana ƙarƙashin gadona har yau, da jan zarenta. Banɗakina kuma ga shi can, kun shiga ɗazu, ko famfon ba ku rufe da kyau ba, ina jin ɗigarsa daga nan.

To me kuke jira, a ƙara muku? Kai mijin banza, rufe bakin nan kafin ƙuda ya shiga. Mai zagayawa ya zagaya yanzu, don in na ɗaure makullin nan ba na kwancewa. Ku tashi mini daga tabarma, kowa ya wuce ya kwanta.